Majalisa Muka Zaɓa, Sakula Ke Mulkinmu

Ranar zaɓen tarayya takardun ƙuri'a uku ake miƙa maka: ta shugaban ƙasa, ta sanata, da ta ɗan majalisar wakilai. Ba a taɓa miƙa wa kowa ta gwamnan Babban Banki ba, ko ta shugaban hukumar ƙayyade kuɗin wuta, ko ta mai kula da gidajen rediyo da talabijin. To amma ɗan'uwa ka zauna ka yi lissafi tsakaninka da Allah. Cikin 'yan shekarun nan, abubuwan da suka shiga aljihunka suka taɓa tukunyar gidanka, nawa ne aka yi muhawararsu a zauren majalisa? Nawa ne kuma ka wayi gari ka tarar da su a takarda guda mai hatimin wata hukuma, wadda ma'aikata ke kira sakula?

Sashe na 4 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ikon yin doka a tarayya na Majalisar Dokoki ta Ƙasa ne, sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360. Mutum 469 ke nan da muke biya albashi da alawus domin aiki ɗaya tak da babu mai yin sa sai su. Sai dai kusan duk dokar da suka yi ta kafa wata hukuma, can wajen ƙarshe za ka tarar da wani ɗan sashe mai layi biyu ko uku da ke cewa hukumar tana da ikon tsara ƙa'idoji domin aiwatar da dokar. Wannan ɗan sashen shi ne ƙofar. Majalisa ta haifi uwar doka, hukuma kuma ta yi ta haifo mata 'ya'ya, kuma kowane ɗa ƙarfin doka gare shi. Da shi ake cin ka tara, da shi ake rufe maka shago ko layin waya, da shi ake zare maka kuɗi a asusu.

Ba na cikin masu cewa a toshe ƙofar. Babu majalisar da za ta zauna ta ƙayyade yawan sinadarin da ya halatta a ruwan leda, ko tsawon hutun da matuƙin jirgin sama zai yi kafin ya sake tashi. Wannan aikin masana ne, kuma duk duniya haka ake yi. Abin da nake magana a kai shi ne, wanda ya ba da aron wuƙa shi ya kamata ya san abin da ake yankawa da ita. Mu namu sun ba da aron wuƙar sun juya baya. Babu wata doka guda a Najeriya da ta tilasta wa kowace hukuma ta kai ƙa'idarta gaban majalisa a duba kafin ta fara aiki. Hukuma ta rubuta, ta sa hannu, ta ɗora a shafinta na intanet, shi ke nan magana ta ƙare. Sau da yawa sanatanka ma a Facebook yake gani, lokacin da kai ka gani.

Wanda yake ganin wannan maganar lauyoyi ce kawai, ya tuna da canjin kuɗi.

Ranar 26 ga Oktoban 2022 Godwin Emefiele ya fito ya ce za a sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuma tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairun 2023. Hujjarsa ita ce cikin kusan naira tiriliyan 3.2 da ke yawo, sama da tiriliyan 2.7 suna wajen bankuna. Kwana biyu bayan haka ministar kuɗi Zainab Ahmed ta zauna gaban kwamitin majalisar dattawa ta ce ba a shawarci ma'aikatarta ba. Ka ji fa. Ministar kuɗin ƙasa guda ba ta sani ba, balle mai sayar da tumatir a 'Yankaba. Da me aka dogara? Da sashe na 20 na dokar CBN ta 2007, wanda ya ce bankin na iya janye takardun kuɗi idan shugaban ƙasa ya ba da umarni, bayan an ba jama'a wa'adin da ya dace. Wa'adin da ya dace ɗin nan kwana nawa ne? Majalisar da ta rubuta dokar ba ta faɗa ba, ta bar wa banki ya auna da mudunsa.

Ba a gama wannan ba, ranar 6 ga Disamba wata sakula ta fito: mutum ba zai ciri fiye da naira 100,000 a mako ba, a wajen masu POS kuma naira 20,000 a rana. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar shanu ta Potiskum ko ta Maigatari, ko kasuwar hatsi ta Dawanau, ya san wanda ya rubuta wannan takarda bai taɓa tsayawa cinikin sa ba. Sa guda mai kyau ya haura wannan kuɗi. Akwai ƙananan hukumomi a Arewa da babu reshen banki ko ɗaya a cikinsu, mutum sai ya yi tafiyar awanni. Da a ce an ajiye takardar nan gaban majalisa na mako uku kafin ta fara aiki, ko ɗan majalisa mafi barci daga Yobe ko Jigawa zai ɗaga hannu ya ce wannan ba za ta yiwu a mazaɓata ba. An yi surutu, bayan mako biyu bankin ya ɗaga adadin zuwa naira 500,000. Wato tun farko ba a yi lissafin ba.

Me majalisa ta yi a duk tsawon wannan lokaci? Ta yi abin da ta saba. An kawo batun gaggawa, an yi ta kumfar baki gaban kyamara, majalisun biyu suka cimma matsaya cewa a ƙara wa'adin da watanni. Bankin ya ƙara kwana goma, zuwa 10 ga Fabrairu. An yi ta gayyatar Emefiele yana ƙin zuwa, har sai da kakakin majalisar wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya yi barazanar sa a kamo shi, sannan ya bayyana gaban kwamitin Alhassan Ado Doguwa ranar 31 ga Janairu. Ya zo, ya yi bayani, aka yi hotuna, ya koma ofishinsa, manufa na nan daram.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani da idonsa. Mutane sun kwana a bakin na'urar cirar kuɗi. An sayi naira da naira. Mai kuɗi a asusu ya rasa na cefane, majinyaci ya rasa na magani, manomi ya karyar da amfanin gonarsa ga duk wanda ya zo da tsabar kuɗi a hannu. A wasu garuruwan Kudu an ƙona bankuna, an rasa rayuka. Wa ya tsayar da abin? Gwamnonin Kaduna da Kogi da Zamfara ne suka garzaya Kotun Ƙoli, wasu jihohin suka bi bayansu, kuma ranar 3 ga Maris 2023 kotu ta ce ba a ba jama'a wa'adin da ya dace ba, tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara. Gwamnoni da alƙalai ne suka yi aikin da muka zaɓi mutum 469 su yi, kuma sun yi shi ne bayan ɓarna ta riga ta auku.

Wani zai ce ai Emefiele ne, kuma ya tafi. To mu zo watan Mayun 2024, sabuwar gwamnati, sabon gwamnan banki, sabuwar majalisa. Ranar 6 ga wata CBN ya aika wa bankuna sakula cewa su fara cire kashi 0.5 cikin ɗari na kuɗin da aka tura ta intanet, wai harajin tsaron intanet. Ka tura 100,000 a zare 500, ka tura miliyan a zare 5,000. Wannan karon ma abin ya fi ban haushi, domin majalisar ce da kanta ta gyara dokar laifukan intanet a farkon shekarar ta tabbatar da wannan adadi. Amma dokar ta lissafo waɗanda za su biya: kamfanonin waya, masu samar da intanet, bankuna, kamfanonin inshora da kasuwar hannun jari. Sakula ce ta ɗauko kayan daga kan kamfanoni ta ɗora wa mai asusu. Da mutane suka yi caa, sai ga majalisar wakilai ta fito da mamaki a fuska tana neman a janye. Shugaba Tinubu ya ce a dakata, bankin ya janye takardarsa. Alhamdu lillahi. Amma tambaya ita ce, da ba a yi ihu a Facebook da gidajen rediyo ba fa? Ƙasar da kariyar talaka ta dogara da ƙarfin ihunsa tana cikin matsala, domin ƙa'idoji nawa ne ke fitowa a shekara waɗanda ba su kai girman da za a yi musu ihu ba, amma suna tatsar wani a wani lungu?

Wata guda kafin nan, ranar 3 ga Afrilu, hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A daga wajen naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit. Ninki uku da ɗoriya a rana ɗaya. Masana'antun Sharada da Chalawa da Bompai, jami'o'i da manyan asibitoci, duk suka ji a jikinsu. Ana iya kawo hujjar cewa tallafin wuta ya yi wa gwamnati nauyi, kuma hujja ce da za a saurara. Amma a zauren majalisa ya kamata a saurare ta kafin ranar, ba bayanta ba.

Sai kuma wadda ta fi shafar bakinmu. A watan Agustan 2020 ministan yaɗa labarai Lai Mohammed ya ƙaddamar da gyararren kundin ƙa'idojin hukumar NBC, aka ɗaga tarar abin da suka kira kalaman ƙiyayya daga naira 500,000 zuwa miliyan 5. Cikin 'yan kwanaki aka ci wani gidan rediyo a Legas tarar miliyan 5 saboda hirar da ya yi da marigayi Obadiah Mailafia. A Agustan 2022 aka ci Trust TV miliyan 5 saboda shirin da ta yi kan 'yan bindigar da suka addabi Arewa maso Yamma. Ku lura da wani abu: majalisa ta taɓa kawo ƙudirin dokar kalaman ƙiyayya, jama'a suka taso mata, ƙudirin ya mutu a hanya. Abin da ya kasa shiga ta ƙofar gida sai ya shigo ta taga. Hukuma ɗaya ita ta rubuta laifin, ita ta kama mai laifin, ita ta yanke hukunci, ita ta karɓi tarar. Sai a watan Mayun 2023 Mai Shari'a James Omotosho na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya ce NBC ba kotu ba ce, ba ta da hurumin cin kowa tara. Nan ma alƙali ne, bayan shekaru.

Idan ka faɗa wa Honorabul wannan, zai ce maka ai muna aikin sa ido, sashe na 88 da na 89 sun ba mu ikon bincike da gayyatar kowa. Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Amma bincike ihu ne bayan hari. Matsayar da kuke cimmawa kuma shawara ce, babu hukumar da doka ta ɗaure ta bi, kuma shugabannin hukumomin sun fi kowa sanin haka, shi ya sa suke turo muku darakta su ce oga ya yi tafiya. Majalisar wakilai har kwamiti gare ta mai sunan kula da irin waɗannan ƙa'idoji. Kwamitin da doka ba ta ce dole a kawo masa takarda ba, bai kuma iya tsayar da ko guda ba, me ya fi ƙarfinsa in ban da taron bita a otal?

Ba sai mun je Turai neman misali ba. Ghana ga ta nan kusa. Kundin tsarin mulkinsu na 1992, a sashe na 11, ya ce duk wata ƙa'ida da wata hukuma ta yi da ikon da doka ta ba ta, dole a ajiye ta gaban majalisa, a buga ta a gazet ɗin gwamnati a ranar, kuma ba za ta fara aiki ba sai bayan kwana 21 na zaman majalisa. Cikin waɗannan kwanaki, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa na iya soke ta. Kashi biyu cikin uku da wuyar samu, haka ne, amma amfanin tsarin ya wuce ƙuri'ar. A watan Yunin 2024 an ajiye wata gyarar ƙa'idar hanya gaban majalisarsu wadda za ta ba ministoci da 'yan majalisa damar sa jiniya a motocinsu. Saboda takardar na ajiye kowa na gani, jama'a suka yi mata ca, gwamnati ta janye ta tun kafin ta fara aiki. Da a nan ne, sai dai ka ji jiniyar a bayanka a titin Zariya sannan ka san an yi doka.

Kenya ta yi doka ta musamman a 2013: kowace ƙa'ida dole ta isa majalisa cikin kwana 7 na zama bayan an buga ta, dole a nuna an tuntuɓi waɗanda za ta shafa, kuma bayan shekara 10 ta mutu da kanta sai dai a sabunta ta. Ingila, wadda muka gaji tsarin aikin gwamnati daga gare ta, tana da irin wannan doka tun 1946: wasu ƙa'idojin ba sa aiki sai majalisa ta amince, wasu kuma akwai kwana 40 da za a iya soke su. Kada a ɗauka can ɗin aljanna ce, rabon da majalisar wakilansu ta soke wata ƙa'ida tun 1979. Amma minista ya san takardarsa za ta bi ta hannun kwamitin da zai tambaye shi ina dokar da ta ba ka wannan iko, kuma wannan sanin kaɗai yana gyara rubutu tun a kan tebur.

Na san abin da za a ce, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Za a ce Babban Banki 'yanci gare shi, kada 'yan siyasa su sa masa hannu. Na yarda, a kan kuɗin ruwa da makamantansu. Babu mai hankalin da zai so sanatoci su zauna suna jefa ƙuri'a kan farashin dala. Amma cewa kuɗin da ke aljihun mutum miliyan ɗari biyu ya zama takarda nan da wata uku, ko cewa a zari kashi kaza a asusun kowa, wannan ya fita daga gwanintar banki ya shiga mulki, kuma mulki na waɗanda aka zaɓa ne.

Za a ce majalisa jan ƙafa gare ta, ga dogon hutu, idan annoba ta ɓarke fa? Wannan mai sauƙi ne. Ƙa'idar gaggawa ta fara aiki nan take, amma ta mutu bayan kwana 30 ko 60 idan majalisa ba ta tabbatar da ita ba. Sauran kuma a sa musu wa'adi: in kwanakin suka cika majalisa ba ta ce komai ba, ƙa'ida ta wuce, kuma laifin shirun ya hau kan masu shirun.

Za a kuma ce, kuma wannan ce mai nauyi, ai ba majalisar nan ƙarin iko tamkar ba kura ajiyar nama ne. Kowa ya san abin da ake faɗa kan ziyarar sa ido: a je hukuma, a sha shayi, a fito da ambulan da guraben aiki na 'ya'ya da ƙanne. In aka ce kowace ƙa'ida sai ta bi ta kwamiti, an buɗe sabon shingen karɓar na goro ke nan. Wallahi wannan tsoro ne na gaskiya. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: hukumar da ke miƙa ambulan ɗin ita ce ake cewa a bar mata ikon ba tare da mai dubawa ba. Kuma bambancin a fili yake. Ɗan majalisa yana da suna, yana da mazaɓa, yana da gidan da aka sani a unguwa, kuma bayan shekara huɗu dole ya dawo roƙon ƙuri'a. Daraktan da ya rubuta sakula ko sunansa ba ka sani ba. Maganin shingen shi ne haske: a buga ƙa'idar kowa ya karanta, da Hausa da sauran manyan harsuna, a yi zaman sauraron jama'a a fili, kuma ƙuri'ar ta zama ta kiran suna ɗaya bayan ɗaya, ba irin ta masu eh su ce eh guduma ta sauka ba.

Lauyoyin fadar shugaban ƙasa kuma za su ce a tsarin shugaba mai cikakken iko majalisa ba ta iya soke aikin ɓangaren zartarwa da matsaya kawai, har su kawo hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1983 da ya hana hakan. To Amurkar ba ta naɗe hannu ba, a 1996 ta yi dokar da ta tilasta a kai wa majalisa kowace ƙa'ida, da hanyar soke ta cikin kwana 60. Mu ma ba matsaya muke nema ba. Doka muke nema, wadda za ta ce ikon da muka ara muku ga sharaɗinsa: duk ƙa'idar da za ta karɓi kuɗi a hannun ɗan ƙasa, ko ta ci shi tara, ko ta hana shi sana'arsa ko maganarsa, ba ta da ƙarfi sai ta kwana gaban majalisa. Mai ba da aro shi ke gindaya sharaɗi. Idan shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu, sashe na 58 ya ce kashi biyu cikin uku na majalisun biyu sun isa, kuma an taɓa yi: a shekarar 2000 haka aka yi wa Obasanjo kan dokar hukumar raya yankin Neja Delta.

To me ya hana? Ni a ganina rashin ikon nan daɗi yake musu. Ƙa'ida mai zafi ta fito, Honorabul ya tashi a zaure ya yi ta faɗa, yaransa su yanko bidiyon su watsa, talaka ya ce kai, namu ya yi magana. Bai jefa ƙuri'a ba, ba a rubuta sunansa a ko'ina ba, bai ɓata da fadar shugaban ƙasa ba, bai ɓata da mazaɓa ba. Ranar da doka ta ce sai ya ce eh ko a'a kan ƙarin kuɗin wuta da sunansa a rubuce, wannan wasan ya ƙare. Kuma maganar nan ba ta ware kowa ba, har waɗanda muka yi wa yawon kamfe da ƙafafunmu. Majalisun jihohi kuwa sai dai a yi shiru, can hukumomin haraji da na zirga-zirgar ababen hawa da na kasuwanni ke yanka tara yadda suka ga dama, 'yan majalisa na jiran abin da gidan gwamnati zai ce.

Saboda haka idan wakilinku ya zo gida hutun sallah ya zauna karɓar gaisuwa, bayan an gama maganar rijiyar burtsatse da taransifoma, wani ya daure ya tambaye shi: ranka ya daɗe, tun bayan wahalar canjin kuɗi, wane ƙudiri ka kawo ko ka sa wa hannu da zai hana a maimaita? Sashe na 20 na dokar CBN yana nan yadda yake a 2022, har yau ba a rubuta kwana nawa ne wa'adin da ya dace ba.